Yadda Ake Zaɓen Lambar Aksul Da Ta Dace Da Motar A-kori-kura

Za ka ga Hilux biyu, inji iri ɗaya, giyabos iri ɗaya, kowacce da buhu goma na masara a baya. Ɗaya ta haye Hawan Kibo a giya ta uku ba tare da gardama ba, ɗayar kuwa sai direba ya sauko giya ta biyu tana nishi, kuloci na ƙauri. Da sun sauka kan miƙaƙƙen titi sai labari ya juya: wadda ta sha wuya a hawa ita ce ke tafiya shiru a gudun 110, ɗayar na ihu kamar tana neman wata giyar. Sau da yawa babu abin da ya lalace a cikinsu. Bambancin yana cikin tukunyar aksul ta baya, a yawan haƙoran ƙarfe biyu da ke haɗuwa a ciki. Ana iya zaɓen wannan lamba da awo da lissafi, kuma gara a yi lissafin tun kuɗi na aljihu, domin sauya ta aiki ne mai tsada wanda ba a so a maimaita.

Kayan da za ka tanada

Jak mai ƙarfi da madogarin ƙarfe biyu da za a ɗora motar a kai, da duwatsu ko katako na tare tayoyin gaba. Alli ko farin fenti. Tef ɗin awo mai kai mita 3. Tocila da tsumma. Waya mai kalkuleta da manhajar da ke nuna gudu ta tauraron ɗan'adam. Takarda da biro. Littafin motar idan yana nan. Sai mutum ɗaya da zai taya ka ƙirga, domin ba ka iya juya taya kana kallon farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, a lokaci guda. Idan motar ba ta da agogon juyin inji, ba komai, lissafi zai maye gurbinsa.

Abin da lambar take nufi

Farfela tana juya ƙaramin giya da kanikawa ke kira finiyan, shi kuma ya juya babban faranti mai haƙora, wato kurawun, wanda ke juya tayoyi. Raba haƙoran kurawun da na finiyan, abin da ya fito shi ne lambar aksul. Haƙora 41 da 10 sun ba da 4.10. Haƙora 43 da 10 sun ba da 4.30, 43 da 11 sun ba da 3.91, 43 da 12 sun ba da 3.58, 41 da 9 sun ba da 4.56, 39 da 8 sun ba da 4.88. Ma'anar 4.10 ita ce sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya.

Babbar lamba tana ƙara ƙarfin ja a taya, amma inji zai riƙa juyi da yawa a kowane gudu. Ƙaramar lamba tana kwantar da inji a doguwar tafiya, amma motar za ta yi nauyin tashi. Daga 3.91 zuwa 4.30 ƙarfin ja ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari a kowace giya, juyin inji ma ya ƙaru da kashi 10. Daga 3.58 zuwa 4.30 kuwa kashi 20 ne. Inji bai sami ƙarin doki ko ɗaya ba, an dai sauya yadda ake raba ƙarfinsa tsakanin ja da gudu. Idan kana magana da bakanike ko mai sayar da kaya, faɗi lambar kanta. Kalmomin "mai gudu" da "mai ƙarfi" kowa da abin da yake nufi da su, kuma a nan ake yawan sayo akasin abin da aka tafi nema.

1. Gano lambar da ke cikin motarka yanzu

Fara da takarda ko farantin da kamfani ya manna. A tsofaffin Toyota akwai farantin ƙarfe a ɗakin inji ko jikin ƙofa, da layin da ke ɗauke da lambar giyabos da ta aksul. G292 na nufin kurawun mai faɗin inci 8 da lamba 4.10, G282 na nufin 4.30, G252 na nufin 4.56. Sababbin Toyota sun sauya salon rubutun, sai a nemo lambar ta hanyar lambar shasi a wurin dillalin kaya. A motocin da ake shigowa da su daga Amurka, Ford F-150 na da ita a takardar jikin ƙofar direba: 19 na nufin 3.55, 26 na nufin 3.73. Chevrolet da GMC na shekarun baya suna jera lambobinsu a takardar da ke cikin akwatin gaban fasinja: GU6 ita ce 3.42, GT4 ita ce 3.73, GT5 ita ce 4.10.

Amma faranti yana faɗin abin da motar ta fito da shi daga kamfani ne kawai. Motar da ta shekara goma sha tana hannu zuwa hannu, akwai yiwuwar an taɓa sauya mata tukunya da duk wadda aka samu a kasuwa ranar da tata ta fashe. Don haka ka ƙirga da hannunka.

Ajiye motar a daidaitaccen wuri mai tauri, ka tare tayoyin gaba gaba da baya, ka fitar da giya, ka saki birkin hannu. Ɗaga bayan duka ka ɗora a madogari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Juya taya ɗaya ka kalli ɗayar. Idan ta juya ta saɓanin tata, tukunyarka sakakkiya ce. Idan suka tafi tare gefe ɗaya, mai kulle kanta ce, irin wadda ke hana taya ɗaya zamewa ita kaɗai.

Ga sakakkiya: sauke taya ɗaya ta taka ƙasa, ka bar ɗaya a sama. Ja layin alli a farfela da wani a jikin tukunya su fuskanci juna, ka ja wani a taya daidai da wata alama a bodi. Juya tayar da ke sama sau 20 cif, a hankali, abokin aikinka na ƙirga juyin farfela. Raba abin da ya ƙirga da 10. Juyi 41 shi ne 4.10, 43 shi ne 4.30, 39 shi ne 3.91, kusan 36 shi ne 3.58, 45 da rabi shi ne 4.56. Dalilin juyi 20 maimakon 10 shi ne, idan taya ɗaya na tsaye, wadda ke sama tana juyi ninki biyu na kurawun. Wanda bai san haka ba yakan juya sau ɗaya, ya ga farfela ta yi juyi biyu da ɗan kai, ya rikice.

Ga mai kulle kanta: bar tayoyin biyu a sama, a juya su tare sau 10, a raba juyin farfela da 10. Kada ka tilasta mata da taya ɗaya a ƙasa.

Juyi ɗaya ko biyu ba ya raba 4.10 da 4.30 da kyau, ido na iya ruɗuwa. Shi ya sa ake yin da yawa. Idan an riga an buɗe tukunyar don wani gyara, aikin ya fi sauƙi: goge gefen kurawun da tsumma, galibi za ka ga yawan haƙoran a buge, kamar 41 da 10. In ba su fito ba, ɗiga fenti a haƙori ɗaya ka ƙirga daga nan.

2. Auna tsayin taya

Taya ita ce giya ta ƙarshe a mota, kuma mafi yawan masu kukan mota ta mutu bayan sun "gyara" ta, babbar taya ce ta ja musu. Daga rubutun jikinta ake fitar da tsayi. Ɗauki 265/65R17: 265 sau 0.65 ya ba da milimita 172, tsayin gefe ɗaya ke nan. Ninka biyu, 344. Rim inci 17 sau 25.4 ya ba da 432. Jimla milimita 776. Ta wannan hanya 205R16 tana kusan 734, 245/70R16 tana 749, 285/75R16 tana 834.

Idan rubutun ya goge, ko kana son awon da ya fi gaskiya, yi na alli. Cika iska yadda ka saba, ka sa alama a taya inda ta taɓa ƙasa da wata a ƙasan, a tura motar har alamar ta sake dawowa ƙasa, ka auna tsakanin wuraren biyu, ka raba da 3.14. Za ka ga ya ɗan gaza na lissafi da kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, saboda taya na ɗan zama ƙarƙashin nauyi. Ko wanne ka zaɓa, ka yi amfani da hanya ɗaya ga tsohuwar taya da sabuwa.

In ka ƙara girman taya, ga yadda ake maido motar yadda take: tsohuwar lamba sau sabon tsayi, a raba da tsohon tsayi. Mota mai 3.91 da ta tashi daga 776 zuwa 834: 3.91 sau 834, a raba da 776, ya ba da 4.20. Babu 4.20 a kasuwa, akwai 4.10 da 4.30. Ɗauki 4.30. Babbar taya ta fi nauyi, ta fi faɗi, ta ɗaga motar ta ƙara tarar iska, saboda haka ɗan ƙarin da ke sama ba zai tafi a banza ba. Idan aka bar 3.91 ɗin da wannan taya, motar za ta ji kamar mai 3.64. Wadda kuma ta fito da 4.10 da 205R16 aka sa mata 285/75R16, lissafinta 4.66 ne, wato 4.56 ga mai yawan titi, 4.88 ga mai lodi da daji.

Ka yanke shawarar taya kafin ta aksul. Wanda ya sauya aksul yau ya sauya girman taya baɗi ya biya kuɗin aiki sau biyu.

3. Lissafa juyin inji a gudun da ka saba

Ga lissafin: gudu a kilomita cikin awa, sau lambar giyar ƙarshe ta giyabos, sau lambar aksul, sau 5305, a raba da tsayin taya a milimita. Abin da ya fito shi ne juyin inji a minti.

Giyabos ɗin hannu mai giya biyar na R151 da ke cikin Hilux da yawa, giyarsa ta biyar 0.838 ce, ta huɗu 1.000, ta ɗaya 4.313. Da taya 776 a gudun 100 cikin giya ta biyar, 3.58 na ba da juyi kusan 2,050, 3.91 na ba da 2,240, 4.10 na ba da 2,350, 4.30 na ba da 2,460; 4.56 na ba da 2,610, 4.88 na ba da 2,790. Da taya 834 kuwa 3.91 ta faɗo 2,080, 4.30 ta koma 2,290, wato kusan inda motar take tun asali.

Idan ba ka san lambar giyarka ta ƙarshe ba, hau titi ka riƙe gudu 100 bisa manhajar waya, wani na zaune a gefe ya rubuta abin da agogon juyi ya nuna. Daga nan sai ka ninka da sabuwar lamba ka raba da tsohuwa. Kada ka dogara da maleji a wannan gwaji, musamman in an taɓa sauya taya.

Yanzu ka kwatanta da inda injinka ke da ƙarfi. Dizal mai tobo irin 2KD na lita 2.5 yana ba da cikakken ƙarfin murɗawarsa tun daga wajen 1,600 zuwa 2,400, don haka ya fi jin daɗin tafiya tsakanin 2,000 da 2,400. Tura shi 2,800 na awa biyar a hanyar Kano zuwa Abuja ƙona mai ne da ƙara kawai. Injin fetur na 2TR mai lita 2.7 halinsa daban: ƙarfinsa na kai ƙololuwa ne wajen 3,800, a ƙasan 2,200 kuwa da lodi ba shi da kataɓus, kullum ƙafarka na kan totur har ƙasa. Irinsa yana son lamba babba, kuma 2,600 zuwa 2,900 a gudun 100 ba ya cutar da shi. Tsofaffin dizal marasa tobo, irin 5L da 1HZ, ƙarfinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da nauyin da ake ɗora musu, su ma sun fi son 4.30 zuwa sama.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Kana kan 3.91 kana tunanin 4.30? Yi tafiyar minti goma a gudun 110 inda hanya da doka suka ba da dama, ka saurari injin. Ƙarar da ka ji ita ce za ka riƙa ji a gudun 100 bayan sauyin. In ba za ka iya zama da ita ba, ka sani tun yanzu.

4. Duba aikin da motar ke yi a yawancin kwanaki

A nan mutane ke yaudarar kansu. Mai zuwa gona sau huɗu a shekara yakan zaɓi aksul na daji, ya ƙare yana shan ƙara da kashe mai a sauran kwanakin shekara. Ɗauki takarda ka rubuta tafiye-tafiyen wata uku da suka wuce: nawa ne da lodi, nawa ne wayam, nawa ne kwalta, nawa ne yashi ko taɓo ko hawa.

Motar da galibi wayam take ko da ɗan kaya, a kan kwalta, da tayar kamfani: bar ta a lambar da ta zo da ita. Injiniyoyin da suka haɗa ta sun daidaita ta da wannan aiki, kuma rage lambar don tsimin mai ba kasafai yake maido kuɗin aikin ba.

Motar da ke ɗaukar cikakken lodi kullum, kasuwar ƙauye zuwa birni, tsaya-tashi, hanyar burji mai ramuka: ƙara mataki ɗaya, kamar daga 3.91 zuwa 4.30, ko daga 4.10 zuwa 4.56 idan fetur ce. Alamomin da ke nuna tana bukata a bayyane suke. Sai an ja kuloci rabi an daɗe kafin ta tashi da kaya. Kuloci ba ya shekara. Giya ta biyar ba ta riƙe gudu ko a ɗan tudu. Mai otomatik tana ta sauka tana hawa tsakanin giya biyu na ƙarshe, man giyarta na zafi. A irin wannan mota babbar lamba takan rage shan mai ma, domin injin da ke juyi cikin sauƙi da rabin totur ya fi wanda aka danne har ƙasa yana fama.

Mai hawa da sauka kullum, irin hanyar hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu, yana da ƙarin riba: babbar lamba na sa inji ya riƙe motar a gangara, birki ya huta. Sannan a tudu mai nisa iska ta yi sauƙi, injin da ba shi da tobo yakan rasa wani ɓangare na ƙarfinsa.

Yashi mai zurfi, irin na hanyar Agadas zuwa Dirku, yana cin ƙarfi fiye da yadda ake zato, ga lodi, ga manyan tayoyi da aka rage wa iska. Abin da ake so a can shi ne motar ta riƙe giya ta biyu ko ta uku ba tare da juyi ya faɗi ba, domin sauya giya a tsakiyar yashi shi ne kafewa. Lamba 4.30 zuwa 4.88 ce ke wannan aiki, gwargwadon taya.

Mai jan tirela ya duba jadawalin kamfani. Kamfanonin Amurka suna rubuta nauyin da mota za ta ja bisa lambar aksul: Ram 1500 mai 3.92 an yarje mata jan abin da ya fi na mai 3.21 nesa ba kusa ba, alhali inji ɗaya ne. Ga F-150 da Silverado na shekarun baya, 3.73 ita ce tsaka-tsakin da ke ja kuma ba ta damun mutum a titi.

Abu ɗaya da ya kamata a faɗa ƙarara: babbar lamba ba ta ƙara nauyin da mota za ta iya ɗauka. Hilux motar ɗaukar kusan tan ɗaya ce. Sifirin, birki, boris na taya, shasi da tayoyin kansu suna nan yadda suke. Haɗarin ma shi ne motar za ta tashi da tan biyu cikin sauƙi har direba ya ɗauka ta iya, sai ranar da ya nemi tsayawa a gangara.

5. Saka giyabos cikin lissafi

Ƙarfin tashi shi ne lambar giya ta ɗaya sau lambar aksul. R151 da 3.91 ya ba da 16.9, da 4.30 ya ba da 18.5. Tsohon otomatik mai giya huɗu na Toyota, A340, giyarsa ta ɗaya 2.80 ce kawai, da 3.91 bai kai 11 ba. Sabon otomatik mai giya goma na Ford giyarsa ta ɗaya 4.70 ce, ta ƙarshe 0.64, saboda haka ko da 3.31 yana ba da 15.5 a tashi, kuma ya kwantar da inji a titi. Darasin a nan: mai giya huɗu ko biyar shi ne sauyin aksul ke yi wa babban tasiri. Mai giya takwas ko goma ya riga ya sami faɗin da yake bukata, sai dai in ya sa manyan tayoyi ko yana jan nauyi sosai.

Kada ka wuce gona da iri. Yayin da lamba ke girma, finiyan na ƙanƙancewa: 5.29 haƙora 7 kacal gare shi, kuma haƙora kaɗan ne ke ɗaukar dukan nauyin a lokaci guda. Farfela ma za ta riƙa gudu fiye da da, duk wani kuros, wato gaɓar farfela, da ya fara sassauci ko farfelar da ta ɗan lanƙwashe sai ta fara girgiza motar.

6. Mota mai ja da ƙafa huɗu

Gaba da baya dole su zama lamba ɗaya. 4.10 da 4.11 ba matsala, amma 4.10 a gaba da 4.30 a baya na nufin tayoyin gaba na neman gudun da ya fi na baya da kusan kashi 5 cikin ɗari. A yashi za su yi ta zamewa ba ka lura ba. Ranar da ka sa giyar taimako, wato wadda ke sa tayoyin gaba su ma su ja, a ƙasa mai tauri, motar za ta ɗaure, liba ta ƙi fita, in aka matsa wani abu ya karye a akwatin giyar taimako ko a aksul. Don haka kuɗin sauyi ninki biyu ne, kuma haƙoran gaba ba lallai su zama irin na baya ba, kowanne da nasa ake saye. Ka ƙirga na gaba ma da alli kafin ka sayi mota ta hannu.

7. Sayen kayan

Hanya mafi sauƙi ga Hilux da 'yan'uwanta ita ce sayen tukunya sukutum ta hannu, domin tasu tana kwancewa daga gaba a ciro ta gaba ɗaya, kuma saitin kamfani na nan a cikinta. A kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas ana samun su. Tafi da fenti ka ƙirga haƙora da kanka a gaban mai kaya. Haska tocila a kan haƙoran: santsi mai sheƙi a tsakiya shi ake so, ban da ɓalli, ramuka ƙanana, tsatsa mai zurfi ko launin shuɗi na ƙuna. Juya finiyan da hannu, ya tafi sumul da ɗan tauri kaɗan, babu gurnani, kuma kada ya motsa ciki da waje. Ƙirga tsagin da sandar aksul ke shiga, da ramukan notin farfela, su dace da naka.

Idan sababbin haƙora za ka saya, kurawun da finiyan tare ake sayensu, domin tare aka goge su a masana'anta kuma lamba ɗaya ce a jikinsu. Haɗa kurawun wani da finiyan wani kuka ne da ba ya ƙarewa. Sayi sababbin boris, sil, sirarin washa na saiti da bututun da ke matsewa tsakanin boris na finiyan, wanda ba a maimaita amfani da shi. A wasu aksul na Amurka gidan da kurawun ke zama ma yana sauyawa da lamba: Dana 44 na da gida ɗaya ga 3.73 zuwa ƙasa, wani ga 3.92 zuwa sama. Tambayi wannan kafin ka biya.

8. Ɗaurawa da horarwa

Saitin haƙora aikin gwani ne, kuma ba kowane mai gyaran inji ya iya shi ba. Kafin ka ba da aiki, nemi ganin agogon awon wasa, da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da fentin gwajin haƙora. Abu huɗu ake saitawa: zurfin finiyan, matsin boris na finiyan, matsin boris na gefe, da wasan da ke tsakanin haƙora. A tukunyar Toyota mai inci 8 wasan milimita 0.13 zuwa 0.18 ne, a auna a wurare uku ko huɗu na kurawun. Sai a shafa fenti a haƙora kaɗan, a juya gaba da baya ana ɗan riƙe kurawun. Tabon ya fito a tsakiyar haƙori ta fuska biyun. In ya hau can saman haƙori, finiyan bai shiga sosai ba. In ya nutse a gindi, ya shige da yawa. Wanda ya ce da jin hannu yake saitawa, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.

Zuba man giya mai alamar GL-5, 80W-90 ko 85W-140 ga mai lodi a ƙasar zafi, har ya fara dawowa ta ramin cikawa. Tukunya mai kulle kanta da faranti tana da nata mai na musamman, in ba shi ba za ta riƙa ƙara a kwana. Duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksul, in ya toshe zafi zai tura mai ta sil ya jiƙa birki.

Sababbin haƙora suna zafi a farko. Yi tafiyar kilomita 25 zuwa 30 a hankali, ka tsaya ta huce sarai, ka maimaita sau biyu ko uku. Kilomita 800 na farko ban da cikakken lodi, ban da jan tirela, ban da dogon gudu ba tsayawa. Daga nan a zubar da man a duba maganaɗisun murfin: laushin toka-toka ba komai, ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji kuwa a buɗe a duba. Kukan da ke zuwa in an taka totur ko in an saki yana nuna saiti ya kauce, kuma a mayar da ita nan da nan, domin da haƙora sun ci a gurguwar hanya ba sa gyaruwa.

Sannan gwada maleji da manhajar waya. Motar da ke ɗaukar gudu daga giyabos za ta nuna ƙari bayan an ƙara lamba: 3.91 zuwa 4.30 da taya ɗaya, maleji zai ce 110 kana 100. A tsofaffi ana sauya ɗan giyar robar da ke juya wayar maleji, a sababbi ana gyarawa ta kwamfutar mota. Wadda ke ɗaukar gudu daga tayoyi ba ruwanta da sauyin aksul, girman taya ne kaɗai ke ruɗa ta.

Idan kuɗin bai kai ba

Mayar da tayar kamfani. Sauka daga 834 zuwa 776 daidai yake da ƙara lambar aksul da kashi 7 cikin ɗari, kuma taya abu ce da dama za ka saya. Ka zaɓi mai ƙarfin ɗaukar lodi, irin mai harafin C ko LT. In kuma sau ɗaya ne a wata kake ɗaukar nauyi, bar giya ta biyar a ranar, ka tafi a ta huɗu: da 3.91 da taya 776, gudun 85 a giya ta huɗu juyi 2,270 ne, daidai inda dizal ke so, kuma giya ta huɗu ita ce wadda ƙarfi ke bi ta cikinta kai tsaye ba tare da ya wahalar da ƙananan haƙoran giyabos ba.